Murfin babur ɗin ruwa da ya ƙi zama: yadda aka haɗa masa maɗauri da bel ɗin mota a Legas

## Asalin lamarin

Yaron da wannan bayani ya shafa ɗan wajen Yawuri ne a jihar Kebbi, a bakin kogin Neja ya tashi, tun yana ƙarami yake tuƙa kwalekwale, sabida haka ruwa ba baƙonsa ba ne. Da ya zo Legas dako ya fara yi a kasuwar Mile 12, daga baya wani ɗan garinsu ya haɗa shi da wani Alhaji mai jiragen shan iska a bakin Five Cowrie Creek, ruwan nan da ya raba Ikoyi da Victoria Island. A Obalende yake kwana, da sassafe ya gangara bakin ruwa. Aikinsa wanke jirage, zuba mai, duba batir, in an dawo daga teku kuma ya jona ma inji ruwan famfo ya ɗauraye gishirin ciki.

Cikin kayan da ke hannunsa akwai babur ɗin ruwa guda ɗaya na tsaye, wanda ɗan Alhajin ke hawa. Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, ba shi da kujera sam, a tsaye ake tuƙa shi ko a durƙushe a kan wani ɗan fili da ke baya, kan babur ɗin kuma yana jikin wata doguwar sanda ce da aka kafa a hancinsa, tana ɗagawa tana sauka. Kawasaki ce ta fara fito da irinsa kasuwa a 1973, Yamaha ta fito da nata mai suna SuperJet a 1990, kuma shekara da shekaru injinsu duk tu-siturok ne, wato irin wanda ke ƙona fetur haɗe da man inji, sai a 2017 Kawasaki ta yi na tsaye mai fo-siturok, Yamaha kuma a 2021. Wannan na Alhaji tsoho ne, tokumbo, ƙirar shekarun 1990, silinda biyu, ana haɗa masa fetur da man 2T, nauyinsa wajen kilo 135.

Inji da tanki da batir duk suna gaba, ƙarƙashin murfi guda ɗaya na faiba. Abu biyu ke riƙe murfin: wasu ƙugiyoyi biyu a gaba da ke shiga mazauninsu, sai makulli ɗaya tal a baya. A kewayen bakinsa akwai roba, ita ke tare ruwa in an danne ta. Iskar da inji ke sha ta wasu hanyoyi take shiga a cikin murfin kansa, an karkata su yadda ruwa ba zai zuba kai tsaye ba. To shi irin wannan babur faɗuwa da kifewa cikin hawansa suke, ko gwani ne sai ya faɗi, murfin na iya shiga ƙarƙashin ruwa sau da yawa a yini guda, ɗan bututun da ke zuƙe ruwan ciki kuma ba ya aiki sai inji na tafiya.

## Janairu zuwa Afrilu: cikin ruwan gari

A Janairu babur ɗin ya shigo hannunsa, lokacin hunturu, ruwa kwance. Wata huɗu ana hawansa a cikin Five Cowrie da gefen lagun, ƙarƙashin gadar Falomo zuwa wajen gadar Lekki da Ikoyi a dawo, ba a ga wata matsala ba. Abun da yaron ya lura da shi kawai, in an dawo ya kwance toshiyar baya yakan ga ruwa ya fita kaman lita biyu zuwa uku, kuma makullin murfin in ya rufe shi ba ya jin wannan ƙarar "ƙas" sosai, yana ɗan wasa in an girgiza. Ya faɗa ma ɗan Alhajin, aka ce a riƙa sa masa giris. Haka aka yi ta tafiya.

## Mayu: ranar da murfin ya tashi

Da damina ta kankama teku ta fara tashi, ɗan Alhajin ya ce shi fa igiyar ruwa yake so ya hau. Suka riƙa bin Commodore Channel, hanyar da manyan jirage ke shigowa tashar Legas, suna fita gaɓar Tarkwa Bay, inda babu hanyar mota sai jirgi. Cikin Tarkwa da ɗan sauƙi sabida ganuwar duwatsun nan da aka jera a bakin tashar jiragen ruwa tun zamanin Turawa suna kare ta, amma da ka zagaya bayan ganuwar yamma wajen gaɓar Lighthouse, Atlantika ce tsirara, babu abun da ya tare.

Can abun ya faru a tsakiyar Mayu. Igiyar ruwa ta bugi babur ɗin ta gefe ta kifar da shi, kafin mahayin ya iyo ya kama shi ta biyu ta zo ta murɗa shi, sandar tuƙi ta wage, makullin baya ya saki, murfin ya ɗaga ya zame daga ƙugiyoyin gaba ya yi nasa wuri. Cikin ƙiftawar ido ɗakin inji ya cika. Soson da ke cushe a jikin babur ɗin ne ya hana shi tafiya ƙasa, hancinsa kawai ake gani. Mahayin yana sanye da rigar ruwa, wadda dama hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, LASWA, ta wajabta ma duk mai hawa ruwan Legas, babu abun da ya same shi. Yaron na cikin jirgin rakiya, shi ya yi tsalle ya ɗaura igiya aka ja zuwa gaɓa, wasu masunta suka tsinto murfin.

A nan bakin rairayi ya yi abun da ya ceci injin. Ya karkata babur ɗin ruwa ya zube, ya cire fulogi biyun, ya yi ta danna kik ruwa na feshowa ta ramukan har ya daina, ya ɗiga man 2T a kowace silinda, ya tsiyaye tanki da kafireto, ya busar da fulogi, kafin magariba inji ya tashi ya bar shi ya yi zafi. Dalilin gaggawar shi ne boris ɗin karanshaf na tu-siturok ba sa zaune cikin mai, ɗan man da ke cikin fetur ne kawai ke shafa su, in ruwan gishiri ya kwana a kansu tsatsa ta kama shi kenan sai an buɗe inji.

Washegari aka duba. Sifirin ɗin makulli ya ci tsatsa ya mutu, harshensa ya side, ƙugiyar gaba ta hagu akwai tsohon gyara a jikinta wanda wani mai shi na baya ya yi, robar baki kuma ta kwanta ta yi tauri. Tsufa ne da gishiri. Sabon makulli sai an yi oda daga waje, haka ma maɗaurin da ake sayarwa don wannan aikin, ga dala ga jira. Yaron ya ce, "Alhaji, a yi odar makullin, amma a bar ni in gwada ɗaure shi kafin ya iso." Aka bar shi.

## Ƙarshen Mayu: robar tub

Abun da hannunsa ya saba da shi ya fara ɗaukowa, robar tub ɗin babbar mota irin wadda ake ɗaure kaya da ita a Mile 12. Ya yanka ta faɗin santimita 5, ya zagaya babur ɗin gaba ɗaya da ita sau biyu, ta saman murfi ta ƙarƙashin ciki, ya ƙulle.

A tsaye a kan tirela abun ya yi kyau. A ruwa kuwa ɓangaren da ke ƙasa ya riƙa jan ruwa yana zamewa baya, a fita ta biyu bakin ƙullin ya warware, ragar ƙasa inda famfon da ke tura babur ɗin ke zuƙo ruwa ta shanye shi ya naɗe a jikin shaf ɗin farfela, inji ya shaƙe a tsakiyar ruwa, sai da aka fito da shi aka yi ta yanka da reza. Ban da haka duk inda fetur ya ɗiga robar takan kumbura ta yi laushi, kuma in ka sa hannu ka ɗaga murfin da ƙarfi tana miƙewa ta ba shi hanya. Kwana 8 aka ajiye ta.

## Yuni: bel ɗin masu tirela

Sai ya koma ga bel ɗin ɗaure kayan manyan motoci, mai ƙarfen jan nan da ake dannawa ƙat-ƙat-ƙat, da ƙugiya a kowane baki. Wannan karon bai zagaya ta ƙasa ba, ya maƙala ƙugiyoyin a leɓen da ke gefen babur ɗin inda aka haɗe rabin sama da rabin ƙasa, ya bi ta kan murfi, ƙarƙashin sandar tuƙi, ya ja.

Murfin kam bai sake tashi ba, amma abubuwa uku suka biyo baya. Shi wannan ƙarfen an yi shi ne don buhunan kaya, ƙarfinsa ya wuce na murfin faiba nesa, kuma babu yadda za ka ji a hannunka cewa ya isa, to ya ja har tsakiyar murfin ya lotsa, gaba da baya suka ɗan ɗaga, fentin sama ya tsage tsawon yatsa, robar bakin da dama ta gaji ta ƙarasa mutuwa. Ruwan da ake samu a ciki bayan hawa ya ƙaru ya kai wajen lita 5. Na biyu, ƙugiyar dama ta yanki mahayin a ƙwauri lokacin da ya faɗi ta gefen. Na uku shi ne ƙarfen kansa, baƙin ƙarfe ne da aka shafa ma tutiya, ruwan teku kuma kowace lita akwai gishiri wajen giram 35 a ciki, kwana 10 ya fara yin ja, sati uku ya ƙi buɗewa ƙememe duk da man da ake fesa masa.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Ƙa'idar irin wannan babur ita ce kafin a tada shi a buɗe murfi iska ta shiga, sabida tururin fetur ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan ɗakin inji, tartsatsi ɗaya daga kik ko kan batir ya ishe shi. Ranar da ƙarfen ya ƙi buɗewa ɗan Alhajin na tsaye yana jira, yaron ya ce, "Yallaɓai, ba zan tada shi a rufe ba," ya sa wuƙa ya yanke bel ɗin.

## Yuli: bel ɗin mota da sukuru

Wani makanike ɗan Kano da suke kwana unguwa ɗaya ne ya ce masa ya je Ladipo, kasuwar kayan mota da ke Mushin, ya nemi bel ɗin kujera na motocin da aka farfasa. Ya samo guda huɗu masu tsafta, faɗinsu wajen milimita 47. Ya yanka biyu, ya huda bakinsu da tsinin wuƙa, ya ɗaure su kai tsaye a jikin faiba da sukuru irin mai cin hanyarsa da kansa, biyu a kowane gefe, ya haɗa su a sama da kan roba irin na jakar goyo. Sukurorin a wani shago ya saya, aka ce masa sitenles ne.

Fita biyu a cikin Five Cowrie lafiya lau. A ta uku, a Tarkwa, babur ɗin ya tashi sama ya sauko da hanci, ruwa ya daki murfin, sukurorin dama suka fizge gaba ɗaya har da ɓallin faiba a jikinsu. Allah ya taimaka ƙugiyoyin gaba suka riƙe, mahayin ya kashe inji nan take, ruwa bai kai kafireto ba. Da aka auna kaurin bangon a wurin bai wuce milimita 4 ba, wato zaren sukurun zagaye biyu ko uku ne kawai ya kama. Hudar wuƙar da ke jikin bel ta fara tsefewa, kan robar ya tsage a kunne ɗaya, sukurorin hagu da suka rage kuma sun zubo da jan layin tsatsa a kan farin fenti. Yanzu ga ramuka huɗu a jikin babur, biyu sun wage.

## Agusta: aikin da aka zauna aka yi

Da ruwan sama ya ɗan tsagaita a Agusta, yaron ya ce a ajiye babur ɗin sati biyu kar kowa ya taɓa. Ya fara da zuwa wajen wani dattijo ɗan ƙabilar Ilaje mai gyaran jiragen faiba a bakin ruwa, da Turancin buroka suke magana, shi ya nuna masa cewa kafin a yi zancen bel sai an san inda murfin ke shan ruwa.

Suka goga alli a bakin da murfi ke zama a kai, suka rufe suka danna suka buɗe. Duk inda roba ta taɓa alli ya fito a jikinta, inda bai fito ba nan ne ƙofa. A baya ta hagu wajen taƙi guda babu alli ko ɗigo. Aka ɓamɓare tsohuwar robar, aka goge wurin da tina, aka manna sabuwa da gam, irin robar nan mai laushi wadda ƙofofinta a rufe suke ba ta shan ruwa. Dattijon ya ja masa kunne a kan soson katifa, ya ce shi wannan tsotse ruwa yake ya riƙe.

Sannan ramuka. Aka goge kewayensu da sanfefa ciki da waje, aka wanke maiƙon da ke ciki sosai don ɗakin inji duk mai ne, aka shimfiɗa ƙyallen faiba hawa uku ta ciki da efoksi, wani irin gam mai ƙarfi, aka cike ta waje, aka bar shi awa 24. Efoksi aka zaɓa sabida jikin da yawa daga cikin baburan nan da wani irin faiba ake buga shi a inji wanda rezin ɗin da ake gyaran kwalekwale da shi ba ya kama shi da kyau, efoksi kuwa yana kamawa.

Zancen ƙarfe ya ɗauki kwanaki. Sitenles kala-kala ne, wanda aka fi samu shi ne 304, a kan ƙusarsa ana buga A2, sai 316 wanda ake buga ma A4, shi ne aka ƙara ma wani sinadari molibdinom kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari don ya jure gishiri. Maganaɗisu na taimakawa wajen kama baƙin ƙarfen da aka wanke da ƙyalli, yana manne masa caraf, amma ba ya raba 304 da 316 don duka biyun ba sa kama shi sosai. To yaron ya je kasuwa da maganaɗisun tsohuwar sifika a aljihu, wanda ya tsallake wannan kuma sai ya duba tambarin kai, ya sayo samfuri daga wuri uku ya jefa su a gorar ruwan teku rabi a ciki rabi a waje har sati guda. Kala ɗaya ya yi ja, biyu suka fito fes, ya koma ya sayi mai A4: ƙusa mai noti ta milimita 6, wadda sifana 10 ke ɗaurewa, tsawon milimita 25, guda 8, da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. A kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin ya samo guntun farantin sitenles mai kaurin milimita 3, wani mai walda ya yanka masa guda 8, kowane santimita 8 da 4, huda biyu, aka goge kusurwoyin suka zama kewaye. An kawo shawarar alminiyom don ya fi sauƙin yankawa, dattijon ya hana, ya ce in ya haɗu da sitenles a ruwan gishiri alminiyom ɗin ne ke cinyewa ya koma farin gari.

Bel biyu aka yanke shawarar sawa, ɗaya a baya kusa da makulli inda murfin ya fara ɗagawa, ɗaya a gaba sabida ƙugiyar nan mai tsohon gyara, duka a wuraren da ba za su toshe hanyar iska ba kuma sandar tuƙi ba za ta sauka a kan ƙarfen ba. Kafin huda sai da ya zura hannu ta ciki ya tabbatar babu tanki ko tiyo ko waya a baya, kuma yatsa na kaiwa a riƙe noti. Ya manna tef a kan fenti, ya fara da ƙaramin bakin injin huda sannan na milimita 6, santimita 3 ƙasa da leɓen murfi.

Ɗinki kuma Agege ya kai, wajen wani tsoho Bahaushe mai ɗinkin tamfol da kujerun mota, mai keken nan babba. Kan bel ɗin da aka samu irin na masu nutso ne, wanda suke ɗaure dalma da shi a ƙugu, sitenles, faɗin milimita 50, harshe ɗaya ne in ka ɗaga shi da yatsa ya saki gaba ɗaya. Tsohon ya jujjuya bel ɗin ya tambayi inda za a yi aiki da shi, da ya ji teku ce sai ya ajiye zaren da ke kan keken ya ɗauko na foliyesta mai kauri.

"Ɗana, akwati za mu ɗinka mu gicciya shi a ciki, kuma ba zan matse ɗinkin ba, allura in ta yi yawa wuri ɗaya yanka bel take."

"To Baba, yadda ka gani."

Kowane maɗauri gida biyu ne, gajere mai santimita 25 wanda ke ɗauke da kan, da dogo mai santimita 75. Bakin da za a kafa a jiki an ninka shi biyu an ɗinke. Hudar ƙusa kuma ba wuƙa wannan karon, ƙusa inci 6 aka gasa a risho har ta yi ja aka soka, ta narkar da zaren kewaye ya daskare ya zama zobe mai tauri, haka aka ƙona duk bakin da aka yanka.

Wajen haɗawa jerin ya kasance haka daga waje zuwa ciki: kan ƙusa, faranti, bel mai ninki, jikin babur, faranti na biyu da aka zaunar a kan efoksi mai kauri don cikin ba shafaffe ba ne, sai noti. An cusa gam ɗin jirgin ruwa mai taushi a kowane rami kafin ƙusa ta shiga, an ɗan shafa mai a zaren don sitenles in aka ɗaure shi a bushe da sauri yakan cije ya ƙi gaba ya ƙi baya.

Gwajin farko bai tafi daidai ba. Da bel ɗin ya jiƙe sai ya riƙa sulɓewa a cikin kan, don na mota ya fi na masu nutso siranta da santsi. Aka koma Agege, Baba ya ɗinka hawa na biyu a kan santimita 20 ɗin da ke shiga kan, daga nan ya cije. Aka yanko zoben robar tub ɗan siriri ana zura shi a kan harshen don kar ruwa ya ɓalle shi, shi ma yatsa ɗaya ke ture shi.

Yadda ake ɗaurewa, a ɗora gwiwa a kan murfi a danna, a ja bel da hannu, a kwantar da harshe. A saka guntun takarda tsakanin roba da baki, in an ja ta ta yi gardama to ya isa, ba a ƙarawa. Kaman majanyi ne a bayan mai goyo, ya riƙe ɗa kar ya zame amma ba a shaƙe shi. Suka sake gwajin alli ya fito zagaye cif. Suka sa tiyo minti 5, ciki a bushe. Sannan suka kifar da babur ɗin da gangan a ruwa mara zurfi na daƙiƙa 30, suka juyo shi ta ɓangaren da takardar da ke manne a bayansa ta nuna don kar ruwan salansa ya koma silinda, aka tsiyaye a gora, bai kai rabin lita ba.

## Satumba zuwa Disamba

Aka koma Tarkwa da Lighthouse a Satumba, teku ba ta gama kwanciya ba, babur ɗin ya sha kifewa har da irin murɗawar da ta yi masa a Mayu, murfin bai motsa ba. Bayan wata ɗaya an ƙara ma notuna biyu ɗan juyi. Kan bel ɗin ya ɗan yi dusu-dusun ja a lungunsa wanda ke fita da goga, farantai da ƙusoshi ba su canza ba. Gefen bel ɗin baya ya fara gashi a inda yake gogar kusurwar murfi, aka manna ɗan falle na roba a wurin. Kullum in an dawo yana ɗauraye su da ruwan famfo, kuma in za a ajiye babur ɗin yana sassauta su don robar baki ta huta ta dawo. Makullin da aka yi oda ya iso a Nuwamba, aka sa shi, ba a cire maɗauran ba.

## Abun da ya sa na Agusta ya riƙe

A ganina babu gwajin da ya faɗi sabida bel ya tsinke, ko ɗaya. Robar tub miƙewa ta yi, kuma an bi da ita ta hanyar famfo. Na masu tirela ƙarfinsa ne ya yi yawa, ga ƙarfen da gishiri ya kashe. Na Yuli kuwa kayan daidai ne, bel ɗin mota foliyesta ne, ba ya shan ruwa sosai, ba ya saki in ya jiƙe yadda nailan ke yi, kuma ya fi jure rana, amma duk bugun igiyar ruwa an tara shi a kan zaren sukuru zagaye uku. Faranti ciki da waje shi ya raba wannan nauyin a kan fili mai faɗi, bel ɗin ma matse shi aka yi tsakanin ƙarfe da jiki, ba rataye yake a kan huda ba.

Abu na biyu da nake ganin ya fi komai muhimmanci shi ne gwajin alli. Wata uku ana ta neman abun da zai danne murfi alhali robar da za a danna ɗin ta mutu, da an sa mafi kyawun maɗauri a kanta ma ruwa zai ci gaba da shiga ta wannan taƙin na hagu. Kuma na yaba ma yaron ƙwarai a kan yanke bel ɗin da ya yi a Yuni, maɗaurin da ba ya buɗuwa da hannu ɗaya cikin daƙiƙa kaɗan bai kamata ya hau murfin da ke rufe da fetur da batir ba, komai kyawun riƙonsa. Shi da ya taso a ruwan Yawuri inda ƙusa ke shekaru a jikin kwalekwale, gorar ruwan tekun nan da ya jiƙa samfuri a ciki ta nuna ya gane cewa ruwan Legas daban ne.

Akwai abun da ban gamsu da shi ba har yanzu. Bel ɗin daga motocin da aka farfasa ya fito, ba a san shekarunsa ba balle irin ranar da ya sha, don haka bai kamata a jira ya nuna alama ba, a canza shi kafin teku ta sake tashi a Mayu, sauran biyun da ya sayo a Ladipo suna nan kuma Baba ya riƙe awon. Ƙugiyar gaba ta hagu ma har yau tsohon gyaran ne a jikinta, bel ɗin gaba ne ke ɗauke mata aiki, ita ce ya kamata a cire a sake ginawa da efoksi yanzu da hunturu ya shigo ana iya ajiye babur ɗin kwana biyu.